TSATTSEWA DA MAI JIRAN "ALLAH ZAI KAWO"



Duk wanda yake da ɗan lambu a cikin gari, ko yake wucewa ta gindin Dala bayan La'asar, ya ɗaga kansa sama ko na minti biyar ne. Zai ga tsattsewa tana yanka iska, ta buɗe fiffike, ta naɗe, ta juya kamar an harba kibiya. Suratul Mulk aya ta 19 da Suratun Nahli aya ta 79 duk sun umarce mu da irin wannan kallon, suka kuma faɗa mana Wanda Yake riƙe da tsuntsu a sararin sama. Mu kuwa idonmu yana kan waya.

Tsuntsuwar nan ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba ta iya yawo a ƙasa irin na kurciya, sai dai ta maƙale a bango. A sama take cin abincinta: sauro, ƙananan ƙwari, da shinge idan damina ta faɗi. Ruwa ma a guje take shansa, ta shafi saman kududdufi ta wuce. Akwai irin da ke kan giginya, wadda da yawunta take manna sheƙarta a jikin ganye, har ƙwan ma ta manne shi kada iska ta yar. A 2016 masana a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka tabbatar cewa irin da ke tasowa daga Turai zuwa Afirka tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba. Subhanallah!

To ɗan uwa, ga inda nake so mu tsaya. Hadisin Sayyidina Umar (RA) da Tirmizi ya ruwaito, wanda Annabi (SAW) ya buga misalin tawakkali da tsuntsaye, kowa ya haddace shi. Amma wasu rabinsa suka riƙe. Sun ji an ce za a azurta, ba su ji an ce tsuntsun sammako yake yi ba. An tambayi Imamu Ahmad game da mutumin da ya zauna a gida ko masallaci wai yana jiran arzikinsa, ya ce wannan ya jahilci ilimi, kuma da hadisin nan ya kafa hujja.

Na san aiki ya yi wuya, wallahi na sani. Ba da wanda ya fita ya rasa nake ba. Da matashin da ke majalisa tun hantsi har Magariba nake, mahaifiyarsa tana suyar ƙosai a ƙofar gida don ta ciyar da shi. Kurmi tana nan, marinar Ƙofar Mata tana nan, ga masu dukanci da ɗinki a unguwarku. Gobe bayan Asuba ka je wajen ɗaya daga cikinsu, ka ce ya koya maka.

Allah Ya buɗa mana ta hanyar halal.