Hakkin Tsohuwar Kyanwa

Kyanwa in ta wuce shekara 10, tsufa ya zo. Ciwon ƙoda kan sa ta yawan shan ruwa, ta rame. Ƙullutu a mamanta kuwa galibi sankara ce.

Wadda ta tsare rumbu daga ɓera da ƙuruciya ba ta cancanci kora da tsufa ba. Hakkinta ne a ba ta abinci mai laushi da wuri mai ɗumi, ban da farasitamol, gama guba ne gare ta. Amma in ta daina ci, likitan dabbobi kuma ya ce ba magani, riƙe ta cikin azaba don gudun baƙin ciki sonkai ne. Allurar da za ta hutar da ita jinƙai ce.