Ladan kuturu: aiki a manyan kamfanonin fasaha



Matasanmu da suka koyi harkar kwamfuta sun fara yawa, kuma burin galibinsu ɗaya ne: Google, Microsoft, Amazon, ko Meta mai Facebook da WhatsApp. Ana yawan tambayata ko ya dace mutum ya nemi aiki a irin waɗannan wurare. Ni ban ce kar a nema ba. Albashin mai kauri ne, yaro ɗaya in ya samu sai ya ɗauke kuɗin makarantar ƙannensa da maganin iyayensa. Kuma muna buƙatar namu a ciki. Tun 2013 Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara. To wa zai gyara masa Hausar in ba mai ita ba? Wa zai gane rubutun da ke hura wutar fitina da harshenmu kafin ya yaɗu?

Sai dai aikin ba gadon gida ba ne. A Nuwamban 2022 Meta ya sallami mutum 11,000, Google ya biyo baya da 12,000 a Janairun 2023, kuma a 2024 Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas. Wannan da sauƙi, arziki na Allah ne.

Abin da ya fi damuna daban ne. Tela ya san rigar da ya ɗinka, ya san wanda zai saka. Amma a kamfani mai ma'aikata sama da dubu ɗari, an yayyanka aikin ƙanana ƙanana har babu wanda ke jin nauyinsa a wuyansa. Kai dai an ce ka gyara wani ɗan maɓalli don mutane su ƙara daɗewa a manhaja. Ka gyara, an yaba maka. Ba za ka taɓa ganin yarinyar da ta kwana tana latsa waya har asuba ba. Kuma ba kuskure aka yi ba fa: kusan duk kuɗin Meta daga talla yake fitowa, talla kuwa lokacin mutane take ci.

Wani lokaci abin ya fi haka nauyi. A 2021 Google da Amazon suka ƙulla kwangilar dala biliyan 1.2 da gwamnatin Isra'ila, wadda ake kira Nimbus. A Afrilun 2024, ana tsakiyar yaƙin Gaza, wasu ma'aikatan Google suka yi zaman dirshan a ofis don nuna ƙin amincewa, nan take aka kori 28. Su sun iya cewa a'a. Kai fa, za ka iya?

Na yi tambayar ne saboda yadda ake biyan kuɗin. Wani kaso na ladanka hannun jari ne, kuma ba a damƙa maka shi gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan, yawanci cikin shekara huɗu. Kullum akwai ragowar da za ka yi asara in ka tafi. Ga gidan haya mai tsada, ga dangi sun saba da abin da kake turowa duk wata. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wasu kan kawo misalin Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya riƙe taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Gaskiya ne. Amma ya san abin da hannunsa ke yi: hatsi yake tarawa don kar yunwa ta kashe mutane.

Saboda haka ɗan uwa, sunan kamfanin kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. A ranar ganawar ɗaukar aiki ana ba ka dama kai ma ka yi tambaya. Ka tambayi sashen da za a kai ka, da abin da sashen ke ƙerawa, da masu sayensa. In ka shiga, kar ka bari rayuwarka ta kumbura daidai da albashin. Ka ajiye abin da zai riƙe gidanka na wasu watanni, ko da ranar ajiye aikin za ta zo.

Wallahu a'alam.