Hannu da Giya: Wace Wahala ce ta Cancanci a Riƙe?

A shekarar 1989, a filin tseren motoci na birnin Riyo da ke ƙasar Birazil, wani ɗan Ingila mai suna Nigel Mansell ya zo na ɗaya da wata motar kamfanin Ferrari wadda ba ta da sandar giya. Wasu ƴan ƙarafa biyu aka maƙala a bayan sitiyari, direba ya ja na dama giya ta hau, ya ja na hagu ta sauka, hannunsa bai bar sitiyari ba. Ko masu motar ba su sa ran za ta kai ƙarshen tseren ba, saboda yawan lalacewar da ta yi lokacin gwaji. A 1997 dabarar ta sauko kan titi cikin samfurin F355, kuma wajen 2012 kamfanin ya daina ƙera motar da ake taka wa kuloci da ƙafar hagu.

Hujjar masu ƙira ba ta da wuyar fahimta. Na'ura ta fi hannu sauri, ba ta gajiya, ba ta kuskuren sa ta biyu a gurbin ta huɗu. A kan wannan hujja kamfanin Porsche na Jamus ya fitar da 911 GT3 a 2013 ba tare da giyar hannu ba. Sai masu saye suka yi ta gunaguni. A 2016 kamfanin ya gwada su da wata mai suna 911 R, guda 991 kacal, duka masu giyar hannu, aka yi wawarsu har farashinsu ya ninka a hannun ƴan kasuwa. Shekara ta zagayo ya mayar wa GT3 sandarta. Bisa lissafin kamfanin da kansa, mai canja giya da kanta tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuwa sai 3.9. Wato mutum ya zuba dukiya don ya sayi gudu, sa'an nan ya zaɓi wadda ta fi nawa, da saninsa. Me ya saya ke nan?

Tambayar ta fi fitowa sarari idan aka ɗauko ta daga titunan Jamus aka kawo ta Yauri ta ƙasar Matamaye, inda ba a zaman zaɓe tsakanin giya da giya. Motar da ke kwasar mutane da buhunan gero da damman rake ranar kasuwa, sanda gare ta, kuma dalilin a bayyane yake. Idan batir ya mutu ana tura ta ta tashi. Idan giyarta ta sami matsala, bakanike a Matamaye ko Damagaram zai sauke ta, ya warware ta a kan buhu, ya gane haƙorin da ya cinye. A cikin rairayi kuwa, direba ne ya san lokacin da zai riƙe ta biyu ya ƙi saki, don ya san da zarar ƙarfin ya yanke ƙafafun sun nutse. Tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, wadda ta daɗe tana zirga-zirga tsakanin Damagaram da Daura da Kano, da irin wannan sanda ta yi suna. A wannan shekarar ma ƴar'uwarta ta cinye tseren Safari a Kenya.

Wanda ya koyi tuƙi a wannan hanya bai koye shi cikin mako biyu ba. Karen mota yakan yi shekaru yana ɗaure kaya, yana sa wa ƙafa waigi, yana zuba ruwa a lagireto, kafin maigidansa ya yarda ya juya motar a tasha. Duk tsawon lokacin nan kunnensa ne ke karatu. Kafin ya taɓa sandar ya riga ya san kukan inji idan yana neman a ƙara masa giya, da nishinsa idan kaya ya yi masa yawa a hawa. Ranar da ya fara tuƙi, ƙafarsa ta hagu da hannunsa da kunnensa suna aiki tare ba tare da ya yi shawara da su ba.

To, attajirin Turai da direban Yauri hannu ɗaya suke motsawa, sandar ma kusan iri ɗaya ce. Bambancinsu shi ne ɗaya yana iya ajiye ta ranar da ya ga dama, ɗayan kuwa abincin iyalinsa ke rataye a kanta. Mutanen Damagaram sun san irin wannan sauyi, domin sun gan shi a kan doki. A zamanin Sarki Tanimu doki makami ne, abin tafiya ne, wanda bai iya linzami ba ransa yake wasa da shi. Yau babu mai ɗaura sirdi don ya je Kano. Doki ya koma hawan salla da sukuwa, ana kashe masa kuɗin da ya fi na babur, don kawai a ji daɗin sarrafa dabba mai ƙarfi da ɗan motsin yatsu. Ba a ce wannan wauta ba ce. Albarkacinsa maƙera da dukawa da masu ɗinkin kayan doki suka tsira da sana'arsu. Giyar hannu a motar gudu ta bi sawun doki, ta tashi daga bukata ta koma ado, kuma wasa halal ne ga mai hali, muddin bai kira wasansa jarumtaka ba.

A nan ne wasu ke zamewa, su ce ai duk abin da aka sha wuya a kansa ya fi daraja. Mai faɗin haka bai tambayi matan Yauri ba. Macen da ta yi shekara talatin tana tashi da asuba ta kama taɓarya, ba ta yi kukan zuwan injin niƙa ba, ko da kuwa mijinta ya rantse tuwon turmi ya fi daɗi. Yawancin masu yabon wahala, wahalar wani suke yabo. Akwai kuma wanda shan-inna ta taɓa masa ƙafar hagu: motar da ke canja giya da kanta ita ta buɗe masa ƙofar da kuloci ya rufe masa. Direban da ke wuni cikin cunkoson Kano yana taka kuloci sau ɗari cikin sa'a ɗaya, shi ma babu wata hikima da yake tarawa a gwiwarsa sai ciwo.

Saboda haka wahala kashi biyu ce. Akwai wadda ke cin jiki kawai, wannan duk wanda ya ɗauke wa ɗan Adam ita ya yi aikin lada. Akwai kuma wadda ke ɗaure hankali a kan aiki, ta tilasta wa mutum ya san abin da ke hannunsa. Mai giyar hannu dole ya hango kwana tun daga nesa, ya yanke shawara kafin ya iso ta, idan kuma ya yi kuskure injin zai faɗa masa nan take, gaban kowa. Ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Rabin daƙiƙar nan da mai Porsche ya yafe, kuɗin wannan ya biya: ya zama shi ne ya yi, daidai ko kuskure. Motar da ke iya gudun kilomita 300 kuwa, idan ta sauƙaƙa wa wanda bai san ta ba har ya ji kamar gwani ne, ta ba shi ƙarfin da bai yi tarbiyyar riƙewa ba. Sai dai a yi adalci, sanda ba ta sa wa mutum hankali. Hanyar Kano ta ga motoci masu giyar hannu da yawa a cikin rami.

Malaman makaranta suna fuskantar wannan tambaya kullum, ko da ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Yaron da aka hana na'urar lissafi har sai ya iya raba lamba da hannunsa, ana so ne ranar da na'urar ta ba shi amsar banza ya ji a jikinsa cewa banza ce. Yaron da aka sa ya kwafe shafi guda sau hamsin kuwa, daka kawai aka sa shi. Raba waɗannan biyu shi ne aikin malami, kuma ba koyaushe yake da sauƙi ba, domin daga waje duka biyu gumi ne.

Wani sabon abu ma ya ɓullo. Yawancin motocin lantarki ba su da giyar da za a canja. Amma a 2023 kamfanin Hyundai na Koriya ya fitar da Ioniq 5 N, wadda kwamfuta ke sa ta fizga kamar ana canja giya, lasifika kuma na kwaikwayon kukan injin da babu shi. Direba yana jin yana sarrafa wani abu, alhali kuskurensa ba ya karya haƙorin komai. An bar masa gumin, an cire hisabin.

A Yauri hisabin yana nan. Kasuwa ta watse, magariba ta kawo kai, motar ta ƙi tashi. Fasinjoji maza su sauko, su naɗe hannun riga, su jingina kafaɗa a bayanta. Direba ya sa ta biyu, ya danne kuloci, yana sauraron ƙafafun suna ɗaukar gudu. Idan ya saki da wuri ta cije, sai an sake turawa, kuma zai ji abin da ba ya so daga bakin dattawa. Karen motar yana gudu a gefe da waigi a hannu, idonsa a kan ƙafar maigidansa.