Agogon da ya tsaya a 5:40

Ranar wata Laraba da yamma wayata ta sandare a hannuna. Na danna, na shafa, na girgiza ta kamar mai tashin yaro daga barci, ko gezau. Amma fuskarta tar take: ga dogon saƙon da nake cikin rubuta wa ƙanena, ga alamar caji, ga agogo can sama yana cewa 5:40. Na nufi rumfar wani matashi mai gyaran waya a bakin layinmu. Kafin ya sallami mutum biyun da suka riga ni rana ta yi ja, agogon kuwa yana nan a 5:40 ɗinsa, ko kunya ba ya ji.

"Baba, ba abin da ya same ta," in ji shi. "Ƙwaƙwalwar ce ta tsaya. Shi gilashin abin da aka bar masa yake ta nuna maka."

Wannan "abin da aka bar masa" shi ya tsaya mini a rai. A ina aka bar masa?

A cikin kowace waya da kwamfuta akwai wani yanki na ma'adana da aka keɓe wa hoto shi kaɗai. Kowane ɗigo na fuskar na'urar yana da gidansa a can, kuma a gidan akwai lamba mai faɗin launinsa. Wani ɗan guntu ne ke bin gidajen nan layi-layi, daga sama har ƙasa, kamar sau 60 a daƙiƙa guda, yana kai wa gilashi abin da ya tarar. Ba ruwansa da wa ya rubuta, ko marubucin na nan da rai. Masu harkar suna kiran wurin firam bafa. Ni allo nake ce masa, don halinsu ɗaya: malam ya rubuta ya tashi ya tafi kasuwa, rubutu na nan har sai an wanke.

Da can ba haka kwamfuta ke nuna hoto ba. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san wasan nan na dare, yaro ya zaro kara daga murhu ya riƙa juya shi a iska, sai ka ga zoben wuta. Zoben na nan muddin hannu na juyawa, da ya gaji shi ke nan. To haka na'urorin farko suke. Tsinken haske ne ke yawo a bayan gilashi yana zana layi, kafin ya dushe ya dawo ya sake bi. Da irin wannan gilashi Ivan Sutherland ya yi Sketchpad a 1963 a jami'ar MIT ta Amurka. Idan layuka suka yi yawa sai tsinken ya kasa zagayowa da wuri, hoto ya shiga ƙyaftawa. Cike fili da launi kuwa, ko nuna fuskar mutum kamar a talabijin, ba a ma maganarsa.

Ba wai dabarar allo ba ta zo wa kowa ba. Kuɗi ne. Shi allo ba ya bambanta wurin da aka yi zane da wurin da ba komai, kowane ɗigo sai ka kama masa ɗaki, ko da baƙi ne wuluk. Ma'adanar wancan zamani wasu mitsi-mitsin zobba ne na maganaɗisu da ake zura wa waya da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowane zobe yana riƙe da bit guda, wato "e" ko "a'a". A 1969 Michael Noll ya gwada ajiye hoto a irin wannan ma'adana a Bell Labs. Ko da Intel ya fito da guntunsa mai lamba 1103 a 1970, bit 1,024 yake ɗauka. Yi lissafi: hoto mai ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, ɗigo 307,200 ke nan. In ka ba kowanne bit 8 don launi, guntu 2,400 kake nema, duk don hoto ɗaya tak. Mai hankali a lokacin almubazzaranci zai kira shi, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Richard Shoup, a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, bai jira abin ya yi araha ba. Ya haɗa na'urar da ya kira SuperPaint da wata ma'adana mai zagaye kamar carbi: in kana son taɓa ɗigo ɗaya sai ka jira ya zagayo gabanka. A watan Afrilun 1973 ta kama hotonta na farko, kuma hoton Shoup ne da kansa riƙe da ɗan kati mai cewa abin yana aiki, amma fa sama-sama. Bayan shekara guda kamfanin Evans & Sutherland ya sa irin wannan allo a kasuwa, mai ɗigo 512 kowane ɓangare.

Amma ni abin da ya fi burge ni a wannan gida na Palo Alto shi ne Alto, kwamfutar da suka ƙera a shekarar 1973 ɗin. Fuskarta a tsaye take kamar takardar wasiƙa, ɗigo 606 da 808, fari da baƙi kawai. Wannan ya ci wajen bayit 61,000, alhali duk ma'adanarta kilobayit 128 ce. Kusan rabi! Kamar mai ɗaki biyu ne ya ware guda ya ce na baƙo ne, shi da iyali su matsu a ɗayan. Abin da suka saya da wannan matsi shi ne sakin hannu. Na'ura ta rubuta sau ɗaya ta koma ga wani aiki. Sannan duk abin da za a iya yi da ɗigo ya zama halal a gilashi. Na'urorin nuna rubutu na lokacin haruffansu a ƙone suke cikin guntu tun daga masana'anta, in babu ƙ da ɗ da ɓ a ciki, to babu su ke nan. A kan allo kuwa lanƙwasar ƙ ɗigo ne kamar kowane ɗigo, haka ma ajami.

Waɗanda ba su da halin sayen allo sun ci gaba da juya kara. Na'urar wasa ta Atari ta 1977 bayit 128 gare ta kacal, don haka mai tsara wasa sai ya riƙa shirya kowane layi a daidai lokacin da hasken talabijin ke isowa gare shi. In ya makara, hoto ya wargaje.

Da allo ya samu sai wata rigimar ta taso: wa zai rubuta, kuma a ina? A kwamfutocin tebur na IBM na farko sau da yawa manhaja kai-tsaye take zuwa adireshin allon ta zuba abinta, don ya fi sauri, kuma ba matsala tunda ita kaɗai ce a fage. Da aka fara buɗe tagogi da yawa, wata kan wata, dole babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura ta zama mai rabon fili. A 1975 Dan Ingalls ya tsara BitBLT, hanyar ɗauke yanki mai kusurwa huɗu daga nan a dire shi can cikin sauri, wadda ta sauƙaƙa jan taga da gungura rubutu. Kwamfutar Macintosh ta 1984 da bayit 21,888 na allo ta yi duk tagoginta.

Wanda ya zauna a shagunan intanet na da ya ga ranar da rabon ya lalace. Manhaja ta tsaya, ka ja wata taga ta kanta, sai tagar ta bar sawu jere-jere kamar an baza katin karta. Dalili shi ne allon ɗaya ne, abin da taga ta rufe ya goge, kuma wadda ya kamata ta sake zana wurinta ta suma. A babbar manhajar Linux ma har suna aka ba allon kamar kowane fayil, /dev/fb0, kuma in ka zuba masa lambobi barkatai sai gilashi ya cika da yashi kala-kala.

Yaron nan mai gyaran waya dai ya danne maɓallai biyu na gefe, ya riƙe. Gilashi ya yi baƙi, tambari ya fito, agogo ya ce 6:22. Na miƙa masa kuɗi ya ce in bar shi. Na tsaya nan bakin rumfar na buɗe wurin saƙo, ina neman layukan da na yi minti 40 ina kallo da idona. Wayam. Ana kiran magariba na fara rubuta wa ƙanen nawa daga sallama.