Lahanin Ido Ba Lahanin Zuciya Ba Ne

Wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya san Lalita Pawar, muguwar uwar mijin nan mai gasa wa suruka aya a hannu. A 1942, wajen ɗaukar wani fim, abokin wasanta ya mare ta da ƙarfi, idonta na hagu ya samu lahani. Daga nan ta bar fitowa a jaruma, ta yi suna a muguwa. Ta rasu a 1998.

To, me ya sa 'yan kallo suka ɗauki idon nan shaidar mugunta? Ita dai wasa take yi. Mu fa, sau nawa muka yanke wa mai naƙasa hukunci tun bai buɗe baki ba? Hali a aiki ake ganinsa.