Fita Shan Iska Da Iyali: Ina Iyakar Halaccinsa?

A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda mutanen kirki suke saɓa wa juna a kanta. Magidanci ne a birnin Sakkwato ya sami hutun Asabar da Lahadi, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya nufi gabas. Ya tsaya Wurno suka yi ziyara, ya zarce Goronyo don yara su ga madatsar ruwa, su ci guzurinsu a inuwa, watakila ma su shiga kwale-kwale. Wani ya ce wannan wasa ne da koyi da baƙin al'adu, kuɗin man da aka ƙona da an ba miskini ya fi. Wani kuwa ya ce ai kyautata wa iyali ne. To, wane ne ya dace?

Mai suka yana da abin riƙo, kada mu raina shi. Malaman Malikiyya ba su ɗauki tafiye-tafiye duka ɗaya ba, har ma sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita don holewa zalla, kamar mai farautar nishaɗi. Watau shari'a tana tambayar matafiyi dalilin fitarsa. Sai dai wanda ya san tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha suna cikin tafiya, kuma ya gaskata Salmanu a lokacin da ya gargaɗi Abu Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Mace tana cikin gida shekara ta zagayo ba ta ga gulbi ba, yaro ya san sunan ƙungiyoyin ƙwallo na Ingila amma bai san inda ruwan famfon gidansu yake fitowa ba, sa'an nan a ce fitar da su wuni guda ɓarna ce? Wannan tsanani ne da addini bai ɗora mana ba.

Balle kuma a wannan yanki abin dubawa yana da yawa. A Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a nan ya rasu cikin 1837, a nan hubbarensa yake. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Madatsar Goronyo kuwa, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima cikin 1984 aka buɗe ta cikin 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, daga gare ta birnin Sakkwato yake sha, manoman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa suke ban ruwa. Uban da ya tsaya da ɗansa a bakin wannan ruwa ya faɗa masa amfaninsa, ya kuma ba shi labarin ambaliyar 2010 da ta raba ƙauyuka da gidajensu da gonakinsu, ya karantar da shi ni'ima da tsoron Allah a zama ɗaya. Alƙur'ani mai girma ya yi ta kiran bayi zuwa ga tafiya cikin ƙasa da lura, ga ƙasar nan kusa da mu.

Amma fa, jama'a, a nan ne maganar take da nauyi. Fitar halal ce, sharaɗinta kuwa shi ne amana, domin yaron da aka ɗauko ba shi ya zaɓi hanya ba, ba shi ya zaɓi jirgi ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa Mu'awiya, yana gwamnan Sham, ya nemi izinin Sayyidina Umar ya ɗora Musulmi a teku don yaƙi, Umar ya ƙi saboda tsoron salwantar da rayukansu. Da Sayyidina Usmanu ya ba da izini, har aka tafi tsibirin Ƙubrus wajen shekara ta 649, sai ya gindaya cewa kada a tilasta wa kowa, wanda ya so ne kaɗai zai shiga. Idan a kan jihadi halifofi suka yi wannan tsantseni da rayukan manyan mazaje, ina ga uban da zai saka 'yar shekara biyar cikin ruwa don nishaɗi?

Ba maganar nesa muke yi ba. A watan Agusta na 2025 wani kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife da su a kan hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo, aka yi kwanaki ana neman jama'a cikin ruwa. Waɗannan bayin Allah neman abinci ya fitar da su, da yawansu ba su da wata hanya sai ta ruwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mai yawon shan iska ba shi da irin wannan uzuri. Babu kasuwar da za ta tashi ta bar shi, don haka in ya ga jirgi ya cika ya kuma cusa iyalinsa, da ganganci ya yi.

Sau da yawa za ka ji an ce, ai kwana in ya ƙare rigar kariya ba ta hana nutsewa. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma mai faɗin haka yakan kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi gida, bai taɓa cewa ƙaddara za ta tsare masa kaya ba. Abin mamaki, sai a kan ran ɗansa tawakkalinsa yake cika! Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Sanin ajali na Ubangiji ne, abin da za a tambayi uba shi ne abin da ya aikata da hankalin da aka ba shi.

Haka nan batun kwana a tanti a bakin ruwa, wanda a wasu ƙasashe iyalai suke yi ba fargaba. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga, ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ba, inda aka kashe mutane da dama. Mai niyyar fita sai ya tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki a wannan makon, ya fita da hantsi, ya juyo tun kafin la'asar ta yi sanyi. In an ce masa hanya ba lafiya, ya fasa, ya kai yara bakin gulbi a nan kusa da birni.

In kuwa ya isa lafiya, ya yi salla a kan lokacinta, ya kiyaye suturar iyalinsa, kada ya tattake shukar manomi ko ya bar leda a bakin ruwan da jama'a suke sha. Kafin kowa ya sa ƙafa a jirgi, ya tambayi matuƙi mutum nawa yake ɗauka, ya ƙirga da idonsa, ya nemi rigar kariya daidai jikin kowane yaro. In babu, yara su yi kallon masunta daga tudu, ya saya musu kifi su koma da shi gida.