Ko Yunwa Ta Isa Hujja?

Wani dattijo ya ƙwanƙwasa ƙofata da dare a watan Agusta na shekara ta 2024. Shi ne ma'ajin ekklesiyar ƙauyen da na ke hidima a lokacin, ya kuwa isa ya haife ni. Na miƙa masa kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Fasto, na ci amana." Ba zan faɗi sunansa ko na garin ba, amma da yardarsa na ke ba da wannan labari.

Masu karatu ba su manta da wannan shekara ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na taki da na hatsi suka yi ta hawa. Da damina ta yi tsaka rumbunsa ya zama wofi, gero bai nuna ba, zazzaɓin sauro kuma ya kwantar da jikansa. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin baiko, kuɗin da mu ke tarawa domin kwanon rufin majami'a. Ya ɗibi kaɗan, ya ce a ransa zai mayar da kaka. Bayan mako biyu ya sake ɗiba. Daren da ya zo wurina kusan rabi ya tafi.

To, ya 'yan'uwa, wannan zunubi ne, ko kuwa yunwa ta wanke shi? Da maganar ta kai gaban dattawa, waɗansu suka ce ai rance ne. Kuɗin na Allah ne, mutumin kuma ɗan Allah ne. Uba ba ya kiran ɗansa ɓarawo domin ya ci daga tukunyar gida. Wani ya kawo misalin Dawuda, wanda ya ci keɓaɓɓiyar gurasa ta ɗakin sujada sa'ad da yunwa ta kama shi. Ban rena wannan magana ba. Wanda bai taɓa kwana yana jin kukan yaro mai yunwa ba, kada ya yi saurin yanke hukunci.

Amma mu duba labarin Dawuda da kyau cikin Samu'ila ta Ɗaya, sura 21 da 22. Gurasar nan bai sace ta ba. Ya roƙi Ahimelek firist, firist ya ba shi da hannunsa, Ubangiji Yesu kuma bai ga laifin wannan ci ba. Inda Dawuda ya kauce shi ne ya ɓoye halin da ya ke ciki, ya ce wai sarki ne ya aike shi, alhali gudu ya ke yi daga sarkin. Ƙarshen al'amarin, aka kashe firistoci 85 a rana ɗaya, Dawuda da bakinsa ya ɗauki alhakin. Ashe gurasa ba ta jawo masifa ba. A wurin ɓoyewa matsalar ta ke.

Na tambayi dattijon, na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mana tun farko?" Ya daɗe bai amsa ba. Sa'an nan ya ce, "Ni da na ke ƙirga wa gwauraye taimako, in tsaya gaban yaran da aka haifa a idona in ce gidana babu tuwo?"

A nan na gane jarabar da ta kāda shi. Yunwa ta tura shi bakin rami, amma kunya ce ta jefa shi ciki. Mu mutanen ƙasar nan muna roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, addu'a ce kuwa mai kyau. Sai dai Shaiɗan ya iya juya ta. Ya kan raɗa wa mutum cewa gara laifin da ba wanda ya gani da talaucin da kowa zai gani. Hananiya da Safiratu ba yunwa su ke ji ba, gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Suna su ke nema a gaban ekklesiya, suka yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya. Dattijonmu ba irinsu ba ne, gama bukatarsa ta gaskiya ce, amma tsoron idon mutane iri ɗaya ne.

Ina bangaskiya ta shiga cikin wannan? Waɗansu masu wa'azi suna koyar da cewa mai bangaskiya rumbunsa ba ya ƙarewa. Ni ban sami wannan cikin Littafi Mai Tsarki ba. Ubangijinmu da kansa ya yi kwana 40 a jeji bai ci kome ba, jaraba ta fari da ta zo masa kuwa ta abinci ce, ya ƙi ya ƙoshi ta hanyar da Uba bai ba shi ba. A zamanin Kalaudiyas yunwa ta kama masu bi na Yahudiya kamar kowa, har ekklesiyar Antakiya ta aika musu da gudummawa ta hannun Barnaba da Shawulu. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa Allah ba ya barin jaraba ta fi ƙarfinmu, ya kan kuma buɗe mafita. Abin da ba mu so mu ji shi ne, sau da yawa mafitar nan ƙaramar ƙofa ce, sai an sunkuya. Ga dattijonmu ƙofar tana nan tun ran fari: ya buɗe baki ya ce, "'Yan'uwa, ba ni da shi." Ba mai iya faɗin haka sai wanda ya gaskata cewa darajarsa tana wurin Kristi wanda ya fanshe shi, ba ta rataya a kan abin da ke cikin rumbunsa ba. Daren da ya zauna a ƙasa a ɗakina, bangaskiyar ke nan ta yi aiki, ko da ya ke ta makara.

Laifin kuwa ba nasa kaɗai ba ne. Na ga ya rame, na ga ya daina tsayawa gaisuwa bayan sujada, ban je gidansa ba. Muka bar akwati a hannun mutum ɗaya wata da watanni ba ƙirga, muna ce da wannan aminci, alhali tarko muka ɗana masa. Muna tara kuɗin kwano, ba mu tara ko mudu ɗaya na hatsi domin masu bukata ba, ga shi kuwa ekklesiya ta fari a Urushalima ta keɓe mutum bakwai musamman domin rabon abinci.

Dattawa suka yanke cewa zunubi ne, shi ma bai yi gardama ba. Ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi. Da aka tashi, mutum uku suka bi ni a ɓoye, kowa ya ce shi ma gidansa babu abinci. Aka karɓi ma'aji daga hannunsa, ko da ya ke ni na so a bar shi. Har yau ban tabbata wanene ya yi daidai a cikinmu ba. Da kaka ya biya da dawa da gyaɗa, bai rage ko kwabo ba. Akwatin aka sa masa kwaɗo biyu, makullai a hannun mutum biyu. Muka kuma gina ƙaramin rumbu a bayan majami'a, kowane gida ya zuba abin da ya iya. Rufin kwano ya jira shekara guda.